Shawara ga mai neman tarihin danginsa a Amurka

Duk wanda ke bin diddigin kakanninsa a Amurka, ina ba shi shawara ya fara gano gundumar da suka zauna kafin ya tunkari ofishin jiha, domin yawancin jihohi ba su fara tattara rajistar haihuwa da mutuwa a wuri guda ba sai farkon ƙarni na 20. Kafin wannan lokaci, takardun aure da na cinikin fili da na rabon gado a kotun gunduma ake ajiye su.

Sai dai iyakokin gundumomi sun sha canzawa, takarda kuma takan zauna a gundumar da aka rubuta ta. Saboda haka gonar da yau take wata gunduma, wataƙila takardarta tana maƙwabciyarta.

Takardun gado su ne na fi so a natsu a kansu, musamman ga zuriyar waɗanda aka bautar. Ƙidayar jama'a ta 1870 ce ta farko da ta rubuta yawancinsu da sunayensu, amma kafin nan sau da yawa sai a jerin dukiyar mamacin da ya mallake su ake ganin sunan mace da na ɗanta, an sa musu farashi kusa da shanu da kayan ɗaki. Karanta wannan yana da ciwo ƙwarai, amma nan ne zaren yake.

Kada kuma a dogara da ƙidayar 1890, domin gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta. A cike giɓin da rajistar haraji ta gunduma.