Yadda Ake Zaɓa da Daidaita Fota Mai Kan Guduma a Filayen Golf na Legas

Duk kadin da ya daɗe yana ɗaukar jaka a Ikoyi ko Ikeja ya san inda maki ke zubewa. Oga zai kai ƙwallo kan girin, wato shafaffiyar ciyawar da ke kewaye da rami, da bugu biyu masu kyau, sannan ya yi uku ko huɗu kafin ta faɗa rami. Daga nan sai maganar canza fota, sandar da ake gangara ƙwallo zuwa rami da ita, ta taso, kuma a 'yan shekarun nan kusan kowa malet yake nema, wato fota mai faffaɗan kai da ya miƙa baya kamar guduma, saɓanin siririyar nan irin Ping Anser da Karsten Solheim ya ƙera a 1966. Tun da Odyssey ta fitar da 2-Ball a 2001, TaylorMade ta biyo da Spider a 2008, kan guduma ya shiga jakunkunan manyan 'yan wasa. Scottie Scheffler ya koma Spider a watan Maris na 2024, ya ci gasar farko da ya buga da ita, ya kuma ɗauki Masters a watan da ya biyo.

Amma malet abu biyu kawai take yi maka: tana rage hasarar bugun da ya kauce wa tsakiyar fuska, tana kuma sauƙaƙa saiti. Idan wuyanta bai dace da yadda hannunka ke lilo ba, ko tsawonta ba naka ba ne, kuɗinka ka zubar. Ga yadda ake gwadawa kafin a biya.

Fara da sanin abin da ke cikin kan

Kan fota yana da fuska, inda ke taɓa ƙwallo. Dunduniya, ɓangaren da ke kusa da ƙafarka. Hanci, ɓangaren da ke nesa. Da wuya, inda ƙota, wato doguwar sandar, ke shiga. Masu ƙera malet suna yin tsakiyar kan da abu marar nauyi kamar alminiyam, su tura ƙarfe mai nauyi, bakin ƙarfe ko tangistin, can gefe-gefe da kusurwoyin baya. Dalilin lissafi ne. Ƙarfin da nauyi ke da shi na hana kai juyawa yana ƙaruwa da nisansa daga tsakiya sau kansa: ka ninka nisan sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Shi ya sa idan ƙwallo ta taɓa wajen hanci, siririyar fota takan murɗe ta buɗe, ƙwallon ta kauce kuma ta tsaya kafin rami, ita kuwa malet tana dakewa.

Don ka ga girman abin: faɗin rami milimita 108 ne, wato santimita 5.4 daga tsakiya zuwa baki. Fuskar da ta karkace da digiri 1 kacal tana kautar da ƙwallo kusan santimita 5.2 a nisan mita 3. Digiri ɗaya, wanda ido ba ya ko gani, ya kai ka leɓen rami.

Mataki na farko: gano irin lilonka

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa, a jere, su fuskanci rami mai nisan mita 3 a wuri mai laushi marar gangara. Bar ratar yatsa ɗaya tsakanin kowace sanda da kan fotarka ta yanzu. Buga ƙwallo goma, wani ya tsuguna a bayanka ya ɗauka da waya, kyamarar tana daidai tsayin gwiwa ko ƙasa da haka.

Duba bidiyon a hankali. Idan kan fota yana tafiya baya ya dawo gaba a tsakanin sandunan bai haura ta ciki ba, lilonka miƙaƙƙe ne. Idan yana lanƙwasowa wajen ƙafarka a baya, ya dawo, ya sake lanƙwasowa bayan bugu kamar ƙyauren ƙofa, lilonka mai baka ne. Rubuta kuma inda ƙwallayen da suka kuskure suka bi, hagu ko dama. Kada ka gyara komai yayin gwajin. Mutane da yawa da zarar sun ga waya sai su fara yin lilon da suke ganin ya kamata, ba nasu na kullum ba, sai gwajin ya tashi a banza.

Mataki na biyu: ɗora ta a kan yatsa

Ɗauki malet ɗin da kake son saye, ka kwantar da ƙotar a kan yatsanka manuni kusa da kai, inda za ta tsaya ba ta rinjaya ba, ka sake ta. Idan fuskar ta kalli sama sak, wannan ita ce ta mai miƙaƙƙen lilo. Yawanci za ka ga ƙotarta ta lanƙwasa sau biyu kafin ta shiga kan. Idan hancin ya sunkuya ƙasa, kamar digiri 20 zuwa 40, ta mai baka ce, kuma galibi tana da ɗan gajeren wuya da ya karkata. Da can yawancin malet masu kallon sama ne, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke cewa ba ta dace da mai baka ba. Yanzu kai ɗaya ana sayar da shi da wuya iri biyu ko uku.

Sai ka haɗa da abin da ka rubuta. Ga mai bugu da dama: idan kana yawan jan ƙwallo hagu, fuskarka na saurin rufewa, nemi wadda hancinta ya fi sunkuyawa, domin tana jinkirta rufewar. Idan kana yawan tura ta dama, mai kallon sama za ta fi taimakonka. Bahago ya juya maganar.

Akwai iri na uku da ya yi tashe kwanan nan, wanda ƙotarsa ke shiga daidai cibiyar nauyin kan don kada fuskar ta nemi juyawa ko kaɗan. Kamfanin L.A.B. Golf ne ya fi shahara da shi, kuma da irinsa J.J. Spaun ya ci US Open a 2025. Tana da tsada, kuma an daidaita ta ne a kan kusurwar tsayuwar mutum ɗaya. Sayen kwancenta ba tare da sanin kusurwar ba caca ce.

Mataki na uku: tsawo da zama

Yawancin waɗanda ake shigowa da su inci 34 ne ko 35, akwai 33. Tsaya yadda ka saba, ka sunkuya daga ƙugu, hannuwa su sauko da kansu ba tare da gwiwar hannu ta tokare haƙarƙari ba. Riƙe wata ƙwallo a karan hancinka tsakanin ido biyu, ka sake ta. Ya kamata ta faɗo kan wadda ke ƙasa, ko ta ciki da ita da yatsa ɗaya ko biyu. In ta faɗo can kusa da ƙafarka, fotar ta yi maka tsawo ta ture ka baya. In ta faɗo bayan ƙwallon ta waje, ta yi gajarta.

Sannan a duba gindin kan. Malet tana da faɗin gindi, don haka ba ta ɓoye laifi: ko ta zauna daram, ko hanci ya ɗaga. Zura katin waya a ƙarƙashin hanci da dunduniya. In ya shige gefe ɗaya da nisa ya ƙi ɗaya, kusurwar ƙota ba taka ba ce. Yawanci digiri 70 ake ƙera su. Hanci a sama yana sa layin saiti ya yaudari ido, ƙwallo ta bi hagu. In za a gyara kusurwar, kada a kai wa mai walda ko a matsa a bakin ƙofa. Ƙotar mai lanƙwasa biyu in ta murɗe, fuskar ta daina kallon inda take kallo har abada. Pro na kulob, wato ƙwararren mai koyar da wasa, ko mai gyaran sanduna da ke da injin lanƙwasawa shi ne mai wannan aikin.

Idan za a rage tsawo, daga saman ƙota ake yankewa bayan an cire mariƙi, ba daga ƙasa ba. Kowane inci ɗaya da aka cire yana sa kan ya ji sauƙi a hannu, don haka a mayar da kimanin giram 10 a kan. In tana da nauyaye masu ɗaurewa da sukuru a gindi, a canza su biyun daidai wa daida. In babu, a manna salatif na dalma a gindi, rabi wajen hanci rabi wajen dunduniya. Wanda ya lafta shi gefe ɗaya ya canza yadda hancin ke sunkuyawa, ya ɓata mataki na biyu.

Mataki na huɗu: gwada ta a kan ciyawar Legas

Kafet ɗin shago ba girin ba ne. Ciyawar ƙasashe masu zafi tana da kauri kuma tana kwantawa gefe guda. Ka tsaya bayan ƙwallo: in ciyawar na sheƙi, ta kwanta tana bin hanyarka, ƙwallo za ta yi gudu, in ta yi duhu, tana fuskantarka, sai ka ƙara ƙarfi. Da damina, musamman Yuni da Yuli, da kuma sassafe kafin raɓa ta bushe, girin yakan yi nauyi sosai. Da hunturu ya busa sai ya bushe ya yi sauri. Wanda ya koyi wasa a Arewa kan girin na yashi da ake sharewa kafin bugu zai tarar da hannunsa ya saba da bugu mai ƙarfi, sai ya ba kansa lokaci.

A nan fuskar fota take da magana. Wasu an liƙa musu roba mai taushi, kamar White Hot ta Odyssey, wasu ƙarfe ne zalla da aka sassaƙa. Mai taushi tana da daɗi a girin mai sauri, amma a jiƙaƙƙiyar ciyawa sautinta marar ƙara yakan sa mutum ya riƙa barin dogon bugu a hanya. Karkatar fuskar kuma, wato ɗan kallon saman da take yi, wadda yawanci digiri 2 zuwa 4 ce, ita ke ɗago ƙwallo daga ɗan gurbin da ta zauna a ciki. A ciyawa mai kauri, 3 zuwa 4 sun fi. Mai tura hannu gaba kafin bugu yana cinye wannan karkatar, sai ƙwallo ta nutse ta yi tsalle. Da safe za ka gani ƙarara: sawun ƙwallo a kan raɓa zai fito a tsittsinke a farkon tafiya. In tsinkewar ta yi tsawo, akwai matsala a karkata ko a wurin da kake ajiye ƙwallo.

Yi gwaji biyu, da sabuwar da tsohuwar, a rana ɗaya. Na farko: kafa ti biyu, 'yan tsinkayen da ake ɗora ƙwallo a kai, a nisan rabin mita gabanka, ratarsu santimita 5 zuwa 6 (faɗin ƙwallo milimita 42.7 ne), ka buga goma ta tsakaninsu zuwa ramin mita 2, ka ƙirga waɗanda suka wuce ba su taɓa ba. Na biyu: daga mita 9, buga goma, kada ka damu da shiga, ka auna tazarar da ke tsakanin wadda ta fi gajarta da wadda ta fi nisa. A nan ne malet ta gari take nuna kanta. In tazarar ba ta ragu ba, ka gwada wani nauyin. Kawunan malet yawanci tsakanin giram 350 da 380 suke, kuma wanda ya yi maka nauyi yakan sa ka ja baya kaɗan sannan ka fizga.

Layin saiti ma a gwada shi. Saita fota zuwa ramin mita 3, ka riƙe ta, abokinka ya cire ƙwallon ya ja zare daga tsakiyar fuskar a miƙe. Wani idon dogon layi ɗaya yake so, wani farare biyu masu kama da ƙwallo, wani layi uku. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2019, da doka ta hana kadi tsayawa a bayan ɗan wasa a kan layin bugu da zarar ya fara gyara tsayuwa.

Mataki na biyar: jabu, doka da ajiya

Yawancin fotocin da ke yawo a Legas tokumbo ne, kuma jabu na shiga cikinsu. Ɗora ta a sikelin kicin ka kwatanta da wata ta gaske iri ɗaya. Duba fentin layin saiti ko ya malala, ko layin ya kauce wa tsakiyar fuska. Gwada kwance nauyayen gindi. Na jabu sau da yawa ado ne aka manna. Ƙwanƙwasa kan da farce ka girgiza ta kusa da kunne, ƙarar wani abu a ciki alamar gam ya saki. Danna gefen robar fuska da babban yatsa, kada ta motsa. Farashin da ya yi araha fiye da kima shi kansa shaida ne.

Ta fuskar dokokin R&A, hukumar da ke tsara dokokin golf, da ake bi a Najeriya, kan fota ba zai wuce inci 7 daga dunduniya zuwa hanci ba, tsawonsa daga fuska zuwa baya ba zai fi wannan faɗin ba, tsayinsa kuma ba zai haura inci 2.5 ba. Tun 1 ga Janairu 2016 an hana tokare ƙota da ciki ko ƙirji yayin bugu. Ba a kuma canza nauyi ko ƙara dalma bayan an fara zagaye, sai a gama daidaitawa tun a filin atisaye.

Iskar teku a Ikoyi da Lakowe tana da gishiri, tsatsa kuma daga sukurorin gindi da lanƙwasar ƙota take farawa. A goge kan da busasshen tawul bayan kowane wasa, a bar rigarsa a buɗe ta sha iska kafin a mayar, domin jiƙaƙƙiyar riga ta fi rashin riga ɓarna. Kada a bar jaka a but ɗin mota tana gasuwa a go-sulo ko a rana tsaka. Zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe robar fuska da wuya, yana kuma sa mariƙi santsi. Mariƙin a wanke shi da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori sau ɗaya a wata. In za a sa sabo, a tabbata shafaffen gefensa ya yi daidai da fuskar kafin gam ya kama, a duba ta hanyar runtse ido ɗaya a leƙa daga sama, sannan a jingine ta ta kwana kafin a buga.