Kafaɗa Mai Gocewa: Abin da Ya Sa Miƙa Ke Ƙara Mata Ciwo

Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa yakan ji ta a ɗaure, sai ya ɗauka miƙa take so. Ya dafa bakin ƙofa ya tura ƙirji gaba, ko ya yi lilo a jikin ƙarfe, ko ya ce wa ƙaninsa, "Zo ka ja mini hannun nan." Ya ji daɗi na ɗan lokaci, da dare kuma zogi ya hana shi barci. A Kumasi, fitocin Magazin ɗin Suame, wato makanikai masu yini hannu a sama ƙarƙashin mota, da masu tallafe kaya a ka a Kejetiya, da samarin da ke ɗaga ƙarfe a Aboabo, duk sun san wannan.

Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne kamar lemo, gurbinsa a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan faifai ne marar zurfi, bai rufe ko rabinsa ba. Abu uku ke riƙe shi: zoben guringuntsi a bakin gurbin, jakar da ta lulluɓe gaɓar tare da jijiyoyinta, da ƙananan tsokoki huɗu da suka kewaye ta. Idan kafaɗa ta goce, jakar takan buɗe, zoben ma yakan yage. Daga nan tsokoki ke ɗaukar gadi, su ɗaure kansu don kada ƙashi ya zame. Ɗaurewar da kake ji ke nan. In ka miƙa, ka sassauta mai gadin, ka kuma ƙara jan jakar da ta riga ta saki, sai kan ƙashi ya riƙa gogar bakin gurbi.

Mafi yawan gocewa ta gaba ce, kuma tsayuwar da ke jawo ta sananniya ce: damtse a ɗage daidai kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe, hannu ya koma baya kamar mai shirin jifa. Idan a nan gabanka ya faɗi, ka ji kamar za ta fita, to daina duk abin da ke kai ka wurin: miƙar bakin ƙofa, sauke ƙarfe bayan wuya, miƙa hannu kujerar baya a motar haya ta trotro, da kwanciya hannu a ƙarƙashin kai. Wanda tasa ta baya take zamewa, shi kuma ya bar jan hannu ya ƙetare ƙirji da tura nauyi gaba.

Ƙarfi take buƙata. Naɗe ƙaramin tawul ka matse a hammata, ka lanƙwasa gwiwar hannu yadda hannun zai dubi gaba, babban yatsa a sama. Tsaya gefen bango, ka tura bayan hannu a jikinsa ba tare da ya motsa ba, daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10. Sannan ka tura tafin hannu a jikin ƙyauren ƙofa, haka nan. Rabin ƙarfinka ya isa. Bayan haka ka ja allunan kafaɗa baya da ɗan ƙasa, kamar za su haɗu, daƙiƙa 5, sau 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga kafaɗa zuwa kunne. Nan tsokar wuya ta karɓe aikin, ka tashi da ciwon wuya a banza.

Bayan mako biyu ko uku, in babu zogi, ɗaura roba a marikin ƙofa. Tsohon tiyub ɗin keke da aka tsaga ma ya yi. Tawul na hammata, ka ja robar waje a hankali, ka dawo da ita a hankali fiye da yadda ka ja, sau 10 zuwa 15, zagaye 3, kwana ɗaya bayan ɗaya. In tawul ya faɗi, gwiwar hannu ta bar jiki, ka ɓata motsin. Ɗan ciwo kaɗan ba laifi, amma wanda ya kwana ya wuni alama ce ka wuce gona da iri, rage. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 na kwantar da shi. Ka sa ran mako 6 zuwa 12 kafin ka ga canji na gaske.

Idan kafaɗar ta fita ba ta koma ba, kada kowa ya ja, ko da maɗori ne, don karaya na iya ɓuya a ciki. Rataye hannun da gyale ka nufi asibiti a ɗauki hoto. Haka in gefen damtse ya sage, ko mutum ya haura 40 ya kasa ɗaga hannu bayan an mayar da ita, domin a wannan shekaru jijiyar tsoka takan tsinke. Matashin da tasa ke ta fita kuwa, ya ga likitan ƙashi a Komfo Anokye ko asibitin da ke kusa. Zoben da ya yage wani lokaci sai ɗinki.