Yadda Ake Zaɓar Filin Binne Shara Mai Guba

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a fara da tambayar inda fili yake da araha. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke yanke hukunci, sauran abubuwa su biyo baya. Ko dagwalon kamfanonin fata ne irin na Challawa da Sharaɗa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, ko ƙasar da gubar dalma ta gurɓata kamar ta ƙauyukan Zamfara a 2010, idan gubar ta kai ga ruwan rijiya magana ta ƙare.

Don haka a fara haƙa rijiyoyin gwaji a auna zurfin ruwa. A yi awon a ƙarshen damina, wajen Satumba, lokacin da ruwa ya taso sama. Wanda ya auna a Afrilu ya yaudari kansa, domin ramin da yake busasshe da bazara zai iya zama tafki a Agusta. Wannan ne ya sa tsohon kududdufi da fadama ba sa shiga lissafi sam, duk da cewa su ne mutane suka fi saurin nunawa saboda ramin yana nan a haƙe.

Sai ƙasar kanta. Yumɓu ake nema. Yashi da tsakuwa rariya ne, dutse mai tsagewa kuma ya fi su sharri, don ba ka san inda ruwan zai ɓulla ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta nemi yumɓu mai kaurin aƙalla mita 5 a ƙarƙashin ramin shara mai guba, wanda ruwa ba ya ratsa fiye da kimanin santimita 3 nasa a shekara. Inda na wurin bai kai ba, ana kawo wani a daɓe shi hawa-hawa da ɗan damshi. A kansa ake shimfiɗa roba mai kauri ta HDPE, wajen milimita 2, sannan tsakuwa rabin mita da bututan da za su janye ruwan dagwalon da ke tsiyayowa. Robar galibi a wurin haɗi take yoyo, ko inda tsinin dutse ya huda ta. Yumɓun da aka bari a rana kuwa tsattsagewa yake yi kafin a rufe shi, abin da ya kamata mai aiki a ƙasa mai zafi ya sa wa ido sosai.

A guji duk inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Tsofaffin gari sun fi taswira sanin wannan. A duba iska ta kaka biyu, domin ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Hanya kuma ta ɗauki manyan motoci ba tare da sun ratsa kasuwa ko gaban makaranta ba.

Maganar jama'a ba ta kammaluwa da sa hannun dagaci kaɗai. Sau da yawa irin wannan shara kan sauka ne a wurin waɗanda ba su da bakin magana: haka aka yi a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 da gangunan da aka kawo daga Italiya, haka aka yi a gundumar Warren ta Amurka a 1982. A Najeriya dokar 1992 ta wajabta nazarin illar aiki ga muhalli kafin a fara, NESREA kuma, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ke bin diddigi.

Kafin shara ta fara zuwa a haƙa rijiyoyin sa ido, ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, biyu ko uku ta inda yake gangarawa, a ajiye sakamakon farko don kwatance. A Amurka ana ci gaba da awon shekara 30 bayan rufe rami, saboda haka a ware kuɗinsa tun farko. A kuma rubuta a takardar filin cewa ba a gini a kansa: a unguwar Love Canal ta jihar New York a Amurka an sayar da irin wannan fili kan dala 1 a 1953, aka gina makaranta, sai a 1978 aka fara kwashe mutanen unguwar.