Yadda Asusun Zuba Jari Mai Haɗa Bunƙasa da Rabon Riba Yake Aiki

Asusun zuba jari na haɗin gwiwa yana tara kuɗin mutane da yawa, manaja ya saya musu hannayen jari. Irin wanda ke haɗa bunƙasa da rabon riba yana bin hanya biyu a lokaci guda: wani kaso ya tafi ga kamfanonin da ake sa ran darajarsu za ta hau, wani kuma ga manyan kamfanoni da suka daɗe suna raba riba, kamar bankuna da kamfanonin wutar lantarki. Wasu sukan ƙara da takardun lamuni, wato takardun bashin da ake bin gwamnati ko kamfani, masu biyan kuɗin ruwa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya lura da wannan, ya nemi asusun da ke bin ƙa'idar Shari'a, mai riƙe da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa.

Kafin ka sa ko sisi, karanta takardar bayanin asusun. Duba yadda aka kasa jarin, da kamfanoni goma mafi girma a ciki, da kuɗin gudanarwa na shekara. Wannan na ƙarshe shi ake rainawa, alhali shi ke cin jari a hankali kamar gara. Ka ɗauka ka zuba 100,000, jarin yana kawo kashi 7 cikin 100 duk shekara. In ana cire maka kashi 0.5, bayan shekara 20 kana da kusan 352,000. In kashi 2 ake cirewa, kusan 265,000 ne kawai.

Sai ka zaɓi ko a riƙa turo maka ribar, ko a mayar da ita a ƙara saya maka hannu, wato kaso a cikin asusun. Mai albashi wanda bai matsu da kuɗin ba, gara ya mayar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar rabon riba a matsayin kyauta. Daga cikin asusun ake fitar da ita: in hannu ɗaya yana 20 aka raba 1, zai koma 19. Shi ya sa saye ana gobe rabo ba ya ƙara maka komai, sai ma ya jawo haraji a ƙasashen da ke karɓa. Auna asusun da jimillar abin da ya samar, wato hawan daraja haɗe da rabo, na shekara biyar zuwa goma.

Haɗa hanya biyun, ko da an ƙara da takardun lamuni, ba ya hana asara. A 2022, da aka ɗaga kuɗin ruwa a Amurka, hannayen jari da takardun lamuni duk sun faɗi tare. Kuɗin da za ka buƙata nan da shekara biyu ko uku, kada ka kawo su nan.