Tafiya da yara a jirgi, ga mai shirin biyo maigida Ingila

Da yawa cikin matan da ke tahowa nan maigida ne yake riga su zuwa, sai ya samu gida ya ɗan daidaita sannan ya turo tikiti, sai ki ga mace ita kaɗai da goyo ga wasu biyu suna jan mata hijabi, wataƙila ma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Toh 'yar uwa, aikin tun wajen yankan tikiti yake farawa.

Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye awa 6 ne da ɗoriya. In ta Kano za ki tashi kuwa sai an yada zango, Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, ki sa a duba miki awannin jira da kyau, in sun yi kaɗan gudu za ki yi ta yi da yara a filin jirgin da ba ki sani ba, in sun yi yawa kuma su galabaita. Awa 3 zuwa 4 ya wadatar. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa wajen kashi 10 cikin 100 ne na tikitin babba, amma in ya kusa shekara biyun kuma tubarkalla akwai jiki, in da hali a saya masa kujera kawai. Jariri kuma akwai ɗan gado da suke maƙalawa a bangon da ke gaban layin farko, sai an nema da wuri don ba su da yawa, kuma akwai iyakar nauyin da yake ɗauka. Haka abincin yara da na Musulmi, a nema aƙalla awa 24 kafin tashi.

Kukan da yara ke tsalawa in jirgi zai sauka ba rigima ba ce, kunne ne. Iska ce ke canja nauyi sai kunnen ya toshe ya dinga zugi, mu manya hamma muke ko mu haɗiye yawu ya buɗe, shi jariri bai san wannan dabarar ba. Don haka ki ja masa rai kaɗan da nono, kar ki ba shi tun kuna zaune ana jiran a tashi, ki bari sai jirgi ya fara gudu, sannan ki sake ba shi da zarar kin ji an fara gangarowa, wajen rabin awa kafin a taɓa ƙasa. Mai fida a ba shi fida, manyan a miƙa musu alawa ko ruwa su dinga kurɓa. In yaro yana mura mai ƙarfi ko ciwon kunne ku ga likita kafin ranar. Kuma don Allah a bar shawarar nan ta a ɗura wa yaro maganin mura don ya yi barci, wasu magungunan ba a ba ƙananan yara sam, wani yaron ma maimakon barcin sai ya birkice miki gaba ɗaya.

Jakar hannu kuwa ki cika ta da famfas fiye da lissafinki, kayan canji nasu da naki ke ma, leda ta zuba ƙazantattu, safa da hula da rigar sanyi don cikin jirgi sanyi gare shi. Dokar filin jirgi ta ruwa kar ya wuce mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin jariri ba, ki fito da su dai a duba. Ki riƙe cincin da dabino da biskit, yaro in ya ga baƙon abinci sai ya kau da kai. Amma kilishi da dambun nama da man shanu ba a shigowa da su Ingila, duk wanda ya ba ki saƙo ki ba shi haƙuri.

Katun ki sauke a waya tun a gida, ki yi caji, ki nemo musu abin sawa a kunne. Ni dai na fi yarda da littafin zane da fensir mai kala da ɗan sabon abin wasa da bai taɓa gani ba, ki ɓoye, kar ki fito da su lokaci guda, sai kin ga ya fara mutsu-mutsu ki zaro ɗaya. In fitilar ɗaura bel ta mutu ki zaga da shi tsakanin kujeru.

Sai batun hannu. Duk yadda ya kai ki maƙura kar ki kai masa duka ko rankwashi a gaban mutane, a Sikotilan an haramta dukan yara tun 2020, Wales ta bi a 2022, a Ingila ma ido na kanki kuma ana kai rahoto. Ki ja shi jikinki ki yi masa magana a kunne.

Takardar haihuwar kowane yaro da wasiƙar amincewar babansu su kasance tare da fasfo, ana iya tambaya. Keken jariri ana barin ki da shi har ƙofar jirgi amma wani lokacin sai wajen ɗaukar kaya za ki sake ganinsa, kuma daga jirgi zuwa layin masu duba fasfo a filin jirgin Heathrow na Landan tafiya ce mai nisa ga layi, don haka zanin goyo da majanyi su zauna a saman jaka inda hannu zai kai.