Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Mota Na'urar Amsa Waya ta Bluetooth

Kuskuren da na fi gani wajen masu sayen na'urar Bluetooth ta mota shi ne gwada ta da waƙa ko karatu. Mai shago ya haɗa ta da waya, sauti ya cika mota, mai saye ya biya ya kama gabansa, sai ya hau titin Zariya kira ya shigo, wanda ya kira ya yi ta cewa ba ya jin komai sai hayaniya. Ni ma haka ta faru da ni a tsohuwar Corolla ɗina, har wana ya ce mini, "Kai, in a cikin rijiya kake, ka fito mu yi magana." Kowace na'ura tana iya fitar da sauti, wahalar tana wajen ɗaukar muryar direba, don haka da kira ake gwaji.

Ka fara da duba rediyon motar. Idan tana da ƙaramin ramin AUX mai faɗin milimita 3.5, ka huta, domin na'urar da ake sokawa a nan ta fi kowacce tsabtar sauti. Idan kaset take ci, akwai kaset na musamman mai Bluetooth, amma sai injin kaset ɗin yana juyawa, kuma a yawancin motocinmu ƙura ta daɗe da kashe shi. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai ya nemi wadda ake sokawa a soket ɗin caji na gefen giya, wato ramin laita, wadda ke aika sautin waya zuwa rediyo ta zangon FM. Ita ce mafi araha, ana samunta a kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano, kuma ita ce ta fi ba mutane ciwon kai. Ka je kasuwar da motarka, ka faka kusa, kada ka biya sai an gwada a cikinta.

Kafin komai ka soka na'urar, ka kashe mota, ka zare mukulli, ka duba ko fitilarta ta mutu. A yawancin Toyota da Honda wutar soket ɗin tana ɗaukewa tare da mukulli, amma akwai motocin da take zama a kunne dare da rana, kuma idan taka tana cikinsu dole ka riƙa zare na'urar, in ba haka ba wata safiya za ka nemi masu turi.

Sai zaɓen zango. Na'urar nan tamkar ƙaramar tashar rediyo ce mai rauni ƙwarai, wadda ba za ta iya ja da tashar gaske ba, kuma sararin Kano cike yake da tashoshi: Dala a 88.5, Arewa a 93.1, Wazobia a 95.1, Cool a 96.9, Rahma a 97.3, Freedom a 99.5, Pyramid a 103.5, ga wasu da dama a tsakani. Kada ka bari rediyo ta nemo da kanta, domin tasha za ta kamo maka. Ka riƙa matsawa da hannu, lamba bayan lamba, na'urar tana kashe, har ka sami wurin da babu komai sai shuuu, kuma lambobin da ke gefensa biyu su ma babu murya. A nan za ka saita na'urar, ka ajiye lambar a ɗaya daga cikin maɓallan rediyo. Akwai wani tarko ga masu motocin da aka shigo da su daga Amurka: rediyonsu tana tsallake biyu-biyu, daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, saboda haka idan ka sa na'urar a 88.0 ko 90.2 rediyon ba za ta taɓa dacewa da ita daidai ba. Tsofaffin rediyoyin da aka yi wa kasuwar Japan kuwa daga 76 zuwa 90 suke tsayawa, wato ɗan abin da ke tsakanin 87.5 da 90 kaɗai ya rage maka.

Haɗawa da waya ba wani aiki ba ne. Idan ta nemi lambar sirri, yawanci 0000 ce ko 1234, sannan ka tabbata a saitin Bluetooth ɗin wayar an ba ta izinin sautin kira, domin ana iya samun waƙa tana fita ta sifika amma kira yana komawa kan waya.

Yanzu ga inda na sha wahala. Makirufon irin wannan na'ura wani ɗan rami ne kamar bakin allura a jikinta, ita kuma tana can ƙasa kusa da gwiwarka, nesa da bakinka, a gaban iskar fanka. Saboda haka ni ba na sayen wadda ba ta da dogon wuya mai lanƙwasuwa ko makirufo mai waya da za a iya maƙalawa a kan abin tare rana na saman sitiyari. Ka tayar da inji, ka kunna iyakwandishan idan yana aiki, ka kira wani wanda ba zai yi maka kara ba, ka karanta masa lambar waya ya maimaita. Sannan ka sauke gilashi ka zaga inda 'yan Adaidaita Sahu ke hon, ka sake gwadawa, tunda a zafin Afrilu haka yawancinmu muke tuƙi. Idan ya ce yana jin muryarsa tana dawo masa, sifikar motar ce ta yi ƙarfi har makirufo yana sake ɗaukarta. Ka ƙure sautin waya, ka rage na rediyo, ko ka mayar da sauti zuwa sifikun baya. Idan kuma kana jin wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da ka taka totur, wannan daga wutar altaneta yake, kuma ya fi faruwa ga mai amfani da AUX yana caji a lokaci guda. Akwai ɗan matatar sauti da ake sawa tsakanin na'urar da ramin AUX, ba shi da tsada. Na'ura mai batir a ciki kuwa kada a bar ta a kan dashbod cikin rana, domin batirin yana kumbura. Duk da wannan tanadi, jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna ɗaukar waya a kan tuƙi laifi, don haka maganar da za ta yi tsawo a faka a yi ta.

Wanda ke da hali ya canza rediyon gaba ɗaya ya sa mai Bluetooth a ciki, shi ya fi. Ka auna ramin tukuna, ko mai tsayin santimita 5 ne ko mai 10, ka sayi soket ɗin haɗa wayoyin rediyo da ya dace da motarka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, kada ka yarda mai wayarin ya yanke wayoyin asali ya naɗe da salatif. A cire kan batir na nagatif kafin a fara. Rawayar waya ta wuta ce ta dindindin, ja ta mukulli, baƙa ta bodi, kuma idan aka musanya rawaya da ja rediyon za ta riƙa manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota. A bi da wayar makirufo ta gefen gilashin gaba zuwa sama. Masu Honda su rubuta lambar sirrin tsohuwar rediyon su ajiye kafin a taɓa batir, ko da wata rana za a mayar da ita.