Murtsunguwa mai 'ya'ya: kurakuran da na gaji da gani

Karo na uku ke nan a damina ɗaya da wani ya turo mini hoton faifan murtsunguwa ya yi baƙi daga gindi, ya lanƙwashe kamar dafaffiyar kabewa, da tambaya a ƙasa: "Malam, anya irin nan yana da kyau?" Lafiyar irin ƙalau. Daga lambuna ya fita, uwarsa tana nan tsaye ta fi ni tsawo. To bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Wadda nake nufi ita ce wadda masana ke kira Opuntia ficus-indica. Asalinta ƙasar Meziko, ita ce ma a tutarsu, mikiya tana tsaye a kanta da maciji a baki. Waɗanda suka yi karatu a Alƙahira sun san 'ya'yanta da sunan tin shauki, ana tura su a kura lokacin zafi, mai sayarwa ya ɓare maka nan take. A Tigray ta Habasha beles suke cewa. Jikinta gaɓa-gaɓa ne masu faɗi, ni faifai nake ce musu saboda kamar, 'ya'yan kuma a bakin faifan suke jeruwa. Kada ka haɗa ta da ƙerana ko tinya don ka ga duk suna da ƙaya. Yanka ka gani: idan farin ruwa kamar nono ya fito, ba ita ba ce, guba ne, ka kiyayi idonka. Tamu yauƙi take yi irin na kuɓewa.

Shekarar da na fara, fayafayai 40 na samu, kuɗin mota kaɗai ya ci rabin kuɗin tinkiyata. An yanko su da hantsi, kafin la'asar na gama dasawa. A ina? A gefen fadama, inda nake tumatir, don a ganina nan ne wuri mafi daraja a lambun. Watan Agusta ne, marka ta kafu, amma sai da na ɗebo ruwa na ba kowanne, wai don ƙasa ta kama. Cikin mako biyu warin ruɓa ya cika wurin. Ka taɓa faifai ya faɗi, gindin ya zama kunu. 34 na dasa, 34 na kwashe da cebur. Sauran 6 sun zame bayan rumbu ne wajen sauke kaya, ba wanda ya gan su. Bayan mako uku na tsince su a kwance a kan busasshiyar ƙasa, har sun fara tura saiwa da kansu. Duk murtsunguwar da ke lambuna yau jikokin waɗannan shidan ne da na manta da su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Faifai randa ce, kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinsa ruwa ne. Inda ka yanke kuwa ɗanyen rauni ne, in ka tura shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ka buɗe wa ruɓa ƙofa. Saboda haka in ka yanko, da wuƙa mai kaifi, daidai mahaɗar gaɓa, ka jingine shi a inuwa mai iska kwana 10 zuwa mako biyu, har bakin ya bushe ya yi tauri kamar ɓawon miki. Ni ina barbaɗa toka a bakin. Wasu sun ce ba ta ƙara komai, wataƙila gaskiyarsu ne, amma ban daina ba. Ka nemi jigawa, ko ka tada kunya mai tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ka binne sulusin faifan zuwa rabinsa a tsaye, ka danne ƙasa, sannan ka tafi. Ka tafi, na ce! Kada ka ba shi ruwa sai bayan mako uku ko huɗu. Yanƙwanewar da zai ɗan yi ba mutuwa ba ce, guzurinsa yake ci. Ni a ƙarshen bazara nake dashe, kafin ruwan farko, ko kuma da kaka bayan ruwa ya ɗauke. A watan marka ko kyauta aka ba ni ajiyewa nake yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu jin wannan magana su faɗa ɗaya ramin. Sun ji an ce ba ta son ruwa, sai su kai ta fako su watsar, bayan shekara uku su dawo suna cewa 'ya'yan duk ƙwallo ne ba tsoka. To me ka ba ta? Gaskiya ne tana da tattali, da dare take buɗe ƙofofin numfashinta, da rana ta rufe don kada ruwa ya tsere, shi ya sa fari ba ya kashe ta da wuri. Amma rayuwa daban, haihuwa daban. Lokacin da 'ya'ya suke kumbura ina ba ta ruwa kaɗan duk kwana 10 ko mako biyu, kuma kowace shekara ina zuba mata ruɓaɓɓen takin awaki a kewaye, ba a jikin gindi ba. Saiwarta a sama-sama take yaɗuwa, don haka mai noma ya sassauta fartanya. Rijiya mai gishiri-gishiri kuma ba ta yi mata.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don shi bayan na ɗauka na iya ne ya same ni. Wani abokin arziki ya dawo daga arewacin Afirka, ya kawo mini tsarabar faifai biyu naɗe a jarida cikin jakarsa, ya ce 'ya'yanta ja ne kamar jini. Murna ta hana ni dubawa. Na ga wani ɗan farin abu kamar auduga a gindin ƙaya, na ce ƙura ce. Na shanya su kamar yadda na saba, na dasa a tsakiyar layin da ya fi kowanne haihuwa. Kafin wata uku layin nan kamar an watsa masa kaɗa. Na murje farin abin da yatsa, yatsana ya rine ja. Ƙwaro ne, koshinil ake ce masa, macen tana kafa baki a jikin faifai tana tsotsa, ta lulluɓe kanta da farin kakin da magani ba ya ratsawa da sauƙi, 'ya'yanta kuma iska ke kwasa ta kai wa maƙwabta. Faifai ya yi rawaya, ya bushe, ya zube. Bishiyoyi 11 masu shekara huɗu na sare da hannuna, na haƙa rami na ƙone. Ranar ban ci tuwon dare ba.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. A 2014 aka fara ganin wannan ƙwaro a Maroko, ƙasar da ƙauyuka da yawa suka dogara da murtsunguwa don 'ya'ya da abincin dabbobi da man ƙwallonta mai tsada, cikin 'yan shekaru ya share gonaki masu ɗimbin yawa. A Tigray ma wani ɗan'uwansa da aka shigo da shi da gangan don a riƙa samun jan rini ya kuɓuce, ya yi wa beles ɓarna mai yawa. Ƙwaron da ya gagari ƙasa guda ne kai za ka ɗauko a jakar hannu don kawai an ce maka 'ya'yan ja ne? Don Allah mu ji tsoron Allah. Tsiron da zai tsallaka iyaka akwai jami'an da aikinsu ke nan su duba shi, a bi ta hannunsu. Na cikin gida ma, ko daga hannun babban yayana ya fito, sai ya yi kwana 40 a tukunya can bayan gida, nesa da lambu, ina duba gindin ƙayoyi da mahaɗar gaɓa duk mako. Ba wani littafi ne ya ce 40 ba, ni na yanka wa kaina. In ka ga ɗigo ɗaya ko biyu a lambunka, goge da buroshi da ruwan sabulu, ka maimaita bayan mako. In ya rufe faifai, yanke ka ƙone, kada ka tsaya jinya.

Sai maganar rabon iri, inda zumunci ke lalacewa. Faifai duk kamarsu ɗaya, ba ka gane mai ja da mai rawaya sai ta haihu, haihuwar kuwa sai shekara biyu ko uku. Mutum ya ba ka ya ce "mai zaƙi ce", ka yi shekara uku kana jira, ta fito salam. In ka bincika sai ka ga shi ma bai taɓa cin 'ya'yanta ba, ji ya yi. Akwai nau'o'i marasa ƙaya da don ciyar da shanu ake shuka su, kamar yadda ake yi a arewa maso gabashin Brazil, ba don 'ya'ya ba. Ƙa'idata ita ce ba na ba da faifai sai daga uwar da na ci 'ya'yanta da bakina, kuma da alƙalamin maka nake rubutawa a jikin faifan: launi, layin da uwar take, da ranar yanka. Mutanen tsibirin Sisili na Italiya nau'i uku suka riƙe, Gialla mai rawaya, Rossa mai ja, Bianca mai fari. A gonakinsu mai rawayar ta fi yawa, a wurina ma ta fi haihuwa. Mai jan ta fi jan ido a faranti, amma in don bakina ne farar nake ɗauka. Ka ba da faifai mai shekara ɗaya zuwa biyu, cikakke mai kauri. Sabon toho ruɓewa yake yi. In kana son mutum da gaske, yanko masa gaɓa biyu ko uku a haɗe, zai riga mai guda cin 'ya'ya.

Masu shuka ƙwallo kuwa, Allah ya ba ku haƙuri: za ku daɗe kuna jira, kuma abin da zai fito ba lalle ya gaji uwarsa ba.

Wani abu da nake gani a bakin hanya yana tayar mini da hankali: mutum ya yi sassabe ya watsa fayafayan a kan juji ko bayan shinge. Duk faifan da ya taɓa ƙasa bishiya ce. Ga wata gajeruwa mai dogayen ƙayoyi da ƙananan 'ya'ya masu launin shuni da tsami, Opuntia stricta, wadda wasu ke rabawa don shinge. Ita da danginta ne suka mamaye wajen hekta miliyan 24 a Ostareliya a shekarun 1920, manoma suka bar gonakinsu, sai da aka kawo wata tsutsa daga Ajantina, aka fara sakinta a 1926, sannan aka samu sa'ida. Har zauren tunawa da tsutsar suka gina a Queensland. A Laikipia ta Kenya makiyaya suna kuka da ita, tana cinye makiyaya, ƙayarta tana lalata bakin tumaki da awaki. Wannan ko an ba ka kada ka karɓa. Abin da ka sassabe daga taka kuwa, in marar ƙaya ce, daddatsa ka haɗa wa dabbobi da harawa.

Sauran ƙanana ne. Marar ƙaya alewar akuya ce, ka yi shinge kafin ka yi dashe. Kada ka dasa a ƙarƙashin darbejiya, a inuwa faifai yake tsawo ya sirance, fure kuwa babu. Ka bar taku huɗu ko biyar tsakanin layi da layi, in ba haka ba nan da shekara huɗu ba ka da hanyar shiga. A kan faifan bara 'ya'ya suke fitowa, wanda ya sassabe na bara duka ya sassabe girbinsa. In faifai ɗaya ya jera 'ya'ya 15, rage su tun suna ƙanana su koma kamar 6, na san da ciwo, amma shidan za su fi sha biyar ɗin nauyi a idon mai saye.

Akwai dabarar da 'yan Sisili suke yi, su kakkaɓe furen farko duka wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bishiyar ta sake wani furen, 'ya'yan su nuna a makare, manya-manya, su sayar da tsada. Wani yaro ya ga bidiyon, ya je ya kakkaɓe furen farko na bishiyar da ta shekara uku yana jira. Ba ta sake ba. Su can suna da ban-ruwa da tsofaffin bishiyoyi da yanayinsu daban. In za ka gwada, gwada a bishiya ɗaya.

Ba mangwaro ba ce da za ka tsinko ɗanye ka rufe a buhu. Yadda ka cire ta haka za ta zauna, ba ta ƙara zaƙi. Jira launi ya juya, ramin da ke kanta ya cike ya kusa shafewa, sannan ka yanko da ɗan guntun faifai a gindi don kada ta yi saurin lalacewa. Kuma da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, kana bayan iska. Ko wadda ake ce wa marar ƙaya tana da wani ƙaiƙayi a jikin 'ya'yan, siriri kamar na gero amma mai ƙugiya, in ya shiga fata ba ya son fita, in ya shiga ido sai asibiti. Ni da awartaki nake kamawa, in zube su a kan yashi in shashshare da tsintsiya, in wanke, sannan in yanke kai da gindi, in tsaga ɓawon a tsaye in ɓare.

Ƙwallayen kuma haɗiyewa ake yi, ba a taunawa, amma da ƙima. Wani maƙwabcina ya zo ranar girbin farko, na ɓare masa uku, ya ce in ƙara. Na ce masa, "Alhaji, a yi a hankali, abin nan yana ɗaure ciki." Ya ce shi da ya ci goruba da kanya tun yana yaro ba abin da zai ɗaure shi. Ya ci 14, ina lissafi. Kwana uku ban gan shi a masallaci ba, ran na huɗu ya aiko yaro ya tambaya ko akwai sauran faifan mai rawayar.